Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin kwalejojin jinya na Arewa: ku maido wa ɗalibai da minti 15 ɗinsu

Zuwa ga shugabannin kwalejoji da makarantun koyon aikin jinya da ungozoma na jihohin Arewa, da malaman aji, da manyan sistoci masu karɓar ɗalibai a asibitoci.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, iyayena kuma malamaina, ina gaishe ku da ƙoƙari, Allah ya ƙara girma. Ni 'yarku ce. A hannun irinku na koyi riƙe sirinji da ɗaura ƙarin ruwa, yau kuma shekara 14 ke nan ina sanye da fararen kaya, shida daga ciki ina bin ɗalibai ɗakunan majinyata ina nuna musu aiki. Ba da bakina kaɗai nake magana ba. Mu tara ne, tsofaffin ɗalibanku da ke aiki a asibitoci daban-daban, muka zauna muka ce a rubuto muku. Akwai kuma ɗalibai na yanzu da suka ba mu saƙo amma suka roƙe mu kada sunansu ya fito, don suna tsoron abin da zai biyo baya ranar jarrabawa. Wannan tsoron nasu ma yana cikin dalilan rubuta wasiƙar.

Ga abin da ya tayar da maganar. A wata kwaleji da ba zan kira sunanta ba, wata malama ta shafe zango biyu tana zama da 'yan shekarar farko na minti 15 kafin darasin safe. Ba wani abu ake yi ba illa kowa ya zauna a kujerarsa, ƙafa a ƙasa, hannu a cinya, ya sa hankalinsa kan numfashinsa yana shiga yana fita. Tunani ya ja shi zuwa gida ko zuwa kuɗin makaranta, ya lura, ya dawo. Mai so ya haɗa da zikirinsa a zuci, Kirista ya haɗa da addu'arsa, wanda bai so ko ɗaya ba ya ƙirga numfashi. Ba a tilasta wa kowa ba, ba a karɓi sisin kowa ba. Da aka fito da sabon jadawali sai aka cinye lokacin, aka ce abin ba ya cikin manhaja. Wani babba ya ƙara da cewa makarantar jinya ba wurin gyangyaɗi ba ce, wani kuma ya ce al'adar Indiyawa ce ake son cusa wa yara. Ɗalibai suka rubuta takardar roƙo cikin ladabi, har yau ba su ji ko ƙala ba.

Da a ce wannan kwalejin kaɗai ce, da waya zan buga wa shugabanta mu gama. Amma abin da aka yi a can ya nuna yadda dukanmu muke kallon zuciyar ɗalibi, shi ya sa na faɗaɗa maganar.

Kukanmu na farko, kuma shi ne babba: muna kiran ciwo da sunan kunya. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. To, akwai wani tsoro da ya shigo gida ya sa rigar kunya, mu kuma muna ta yaba masa. Yarinyar da aka rena a kan kada ta haɗa ido da babba, kada ta ɗaga murya a gaban maza, kada ta yi musu ko da ta san gaskiya, ita ce a wata shida muke tsayar da ita gaban babban likita da tawagarsa mu ce ta bayyana halin majinyaci, da Turanci, da ƙarfi, ba in'ina. Da yawa suna sabawa a hankali. Waɗansu ba sa sabawa, domin abin da ke damunsu ya wuce tarbiyya.

Ni na san shi daga ciki. Ranar da aka fara cewa in miƙa aikin dare da safe, na kwana ina bitar majinyata takwas, na haddace su kamar karatun allo. Da sista ta ce bismilla, sai na ji kunnuwana sun toshe. Tiren da ke hannuna ya fara rawa, almakashi da hantsaki suna ƙara a cikin tasa, ƙarar da nake jin kamar har bakin ƙofar asibiti ana jinta. Na buɗe baki, babu yawu. Abin da na iya cewa kawai shi ne lambar gado ta ɗaya. Wata majinyaciya tsohuwa ta ce, "Sannu 'yar nan, sha ruwa." Sista kuwa ta karɓe littafin ta ce da ta kusa da ni ta ci gaba. Wata uku bayan nan duk ranar miƙa aiki sai cikina ya ɓaci tun asuba, ina neman hanyar da za a aike ni ɗakin gwaje-gwaje in kai jini don kada a same ni. Kowa na cewa ina da kunya, har ana yaba mini.

Abin da ke cikin littattafan da ku da kanku kuke koyar da mu a darasin lafiyar ƙwaƙwalwa shi ne wannan ciwo ne mai suna, fargabar shiga mutane, kuma yawanci yana farawa ne tun wajen shekara 13, wato yaro yana zuwa muku da shi a jaka. Masana biyu na Ingila, David Clark da Adrian Wells, sun bayyana yadda yake aiki tun 1995, kuma duk wanda ya taɓa fama da shi zai ce kamar a cikinsa suka zauna. Da zarar idanu sun juyo, hankalin mutum yakan bar abin da ke gabansa ya koma kansa: muryata na rawa, sun ga gumina, yanzu za su gane ban iya ba. Sai ya shiga dabarun kare kai, ya sunkuyar da kai, ya rage murya, ya laɓe bayan dogo. In an watse kuma ya kwana yana maimaita abin da ya faru, yana ƙara masa gishiri. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, in ji shi, kuma kowane ƙin tashi yana ƙara wa tsoron ƙiba.

Ranku ya daɗe, a wani aikin wannan matsalar mai ita kaɗai take ci. A namu aikin majinyaci take ci. Ɗalibar da ta auna jinin mai jego ta ga yana sauka, amma ta tsaya tana juya yadda za ta tunkari likitan da ke hira da abokinsa, minti goman da ta ɓata ba nata ba ne. Ɗalibin da bai ji adadin maganin da aka faɗa ba, ya ji nauyin cewa a maimaita, sai ya yi kirdado. Na taɓa kama wata yarinya mai hankali ta rubuta awon jinin da ba ta ji ba a fayil, saboda hannunta na rawa ta kasa jin bugun, kuma ta gwammace ta rubuta ƙarya da ta ce "Sista, ban ji ba, zo ki taya ni." Na yi mata faɗa, dole ne. Amma da na koma gida na tambayi kaina wa ya koya mata cewa faɗin "ban iya ba" ya fi ƙarya hatsari.

Amsar ita ce kuka na biyu. Mu muka koya mata. Tsawa a gaban gado ta zama mana gado, kowa ya sha a hannun na gaba da shi ya juye wa na baya. "Wa ya kawo ki nan?" "Ke dai ki koma gida a yi miki aure." "Kai da wannan kan naka za ka riƙe ran mutum?" Ana faɗin waɗannan ne majinyaci na kwance yana ji, 'yan zaman jinya suna zaune a kan tabarma suna kallo. Gobe wannan ɗalibar ta zo da allura, mijin majinyaciya ya ce a'a, a kira babba, ba ya son 'yar koyo. Yana da gaskiya, ai a gabansa aka ce ba ta san komai ba. Wanda ya zo daga makarantar gwamnati ta ƙauye, Turancinsa bai nuna ba, nasa kashin ya fi yawa, domin kuskuren lafazi ɗaya ya isa a yi ta kwaikwayonsa har ya gama makaranta. Samari ma ba su tsira ba, su dai sun fi iya ɓoyewa, ga kuma gorin da suke sha a gari cewa sun shiga aikin mata.

Na san abin da za a ce, domin ni ma na taɓa faɗa: aikin rai ne, ba a wasa, in ba a matsa ba ba za su iya ba. Gaskiya ne ba a wasa. Amma tsanani daban, wulaƙanci daban. Malamar da na fi tsoro a rayuwata ba ta taɓa zagina ba. Takan sa ni in sake shimfiɗa gado sau biyar, fuska ba walwala, in na gama ta ce "yanzu ya yi." Har gobe da hannunta nake shimfiɗa gado. Waɗanda suka zage ni kuwa abin da na koya a wurinsu shi ne hanyar da zan bi kada mu haɗu. Yaron da aka maimaita masa cewa shi ba komai ba ne, wata rana zai yarda, kuma nas ɗin da ta raina kanta ba ta iya tsayawa ta ce wa likita "ranka ya daɗe, a sake duba wannan adadin." Ita ce kuma in ta samu girma take huce haushinta a kan masu naƙuda, har mata a gari suna cewa gara su haihu a gida da su sha zagin nas.

Na uku gajere ne. Babu inda ɗalibi zai kai kukansa. Makarantu da yawa suna da ofishin ba da shawara a rubuce, amma ko dai a kulle yake, ko kuma wanda ke ciki shi ne mai ba da maki a jarrabawa, wa zai je ya tona masa cikinsa? Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sha faɗa cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Sai yara su nemi mafita da kansu, ga su kuwa kusa da kabad ɗin magani. Ba sau ɗaya ba na ga ana raba ƙwayar rage bugun zuciya a layin shiga jarrabawar OSCE, wato gwajin aiki a aikace a gaban masu jarrabawa, kamar ana raba alawa, ba likita, ba awo, ba a tambayi mai asma ba. A watan Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Muna koyar da ita a aji. Kamata ya yi a ga alamarta a harabar makarantar da ake koyar da ita.

Na huɗu, asarar da ake yi ba a lissafa ta. Duk wanda ya bi ta PTS, wato zangon share fage na farkon shiga makarantar jinya, ya san yadda wata shidan nan suke, da yadda ake tankaɗe. Ana ɗauka duk wanda ya faɗi ko ya tattara kayansa ya tafi, daƙiƙi ne ko malalaci. Akwai su. Amma akwai wadda ta fi kowa maki a rubuce, ta shiga ɗakin gwajin aiki ta daskare a gaban mai jarrabawa. Ita kuma a Arewa, inda iyaye da yawa sai an yi da gaske suke barin 'ya mace ta shiga makarantar kwana da aikin dare, in ta koma gida ba ta sake fitowa, ƙannenta ma an rufe musu ƙofa. A farkon 2024 magatakardan Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ya ce sama da nas 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. An ƙara yawan ɗaliban da ake ɗauka don cike giɓin, ajujuwa sun cika maƙil, malamai kuwa ba su ƙaru haka ba. A ajin da ya cika, mai shiru ce ta farkon ɓacewa.

Yanzu bari in koma kan zaman natsuwar da aka soke, don kada a ce son zuciya ne ko yayi. A 1979 wani masani mai suna Jon Kabat-Zinn ya fara wani shiri na mako takwas a asibitin jami'ar Massachusetts ta Amurka, yana koya wa masu ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa yadda za su tattara hankalinsu wuri ɗaya. Daga nan aka yi ta gwada shi. A 2010 Philippe Goldin da James Gross na jami'ar Stanford sun gwada shi a kan masu fargabar shiga mutane, suka ga fargabar ta ragu, ganin ƙimar kai ya ƙaru, hoton ƙwaƙwalwa kuma ya nuna amigdala, ɗan sashen nan mai buga ƙararrawar firgita, ta rage zabura. Mutanen ba su da yawa, 16 ne kacal. Amma a 2016 Goldin da abokan aikinsa suka sake da mutum 108, suka kwatanta shi da CBT, jinyar gyaran tunani da ɗabi'a wadda ita ce aka fi amincewa da ita a wannan ciwo, sakamakon ya zo kusan kai ɗaya. A 2022 wani gwaji da jami'ar Georgetown ta jagoranta a kan mutum 276 masu ciwukan fargaba ya nuna cewa mako takwas na wannan horo bai gaza ƙwayar esitalofiram, wadda likitoci ke bayarwa don fargaba, ba. A jami'ar Kambirij ta Ingila an gwada a kan ɗalibai 616, aka buga a 2018, waɗanda suka samu horon sun fi sauran samun sauƙin damuwa a lokacin jarrabawa. A Koriya ta Kudu kuwa a kan ɗaliban jinya kansu aka gwada, rahoton 2015 ya nuna raguwar damuwa da fargaba.

Dalilin da ya sa yake aiki ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya koyar da ilimin sassan jiki. Numfashi a hankali, musamman in fitarsa ta fi shigarsa tsawo, yana taɓa jijiyar bagus, ta goma cikin jijiyoyin kai 12, ita kuma ta ja wa zuciya linzami. Ɗaya ɓangaren kuma horo ne na hankali. Mai fargaba matsalarsa hankalinsa na gudu daga majinyaci ya koma kan kansa. Wanda ya yi wata biyu kullum yana lura da hankalinsa in ya gudu yana maido shi, sau ɗari a zama ɗaya, ya samu igiyar da zai jawo shi ranar da idanu suka yi masa yawa. Yana kuma koyon ganin tunanin "ban iya ba" a matsayin tunani kawai, baƙon da ya zo zai wuce, ba hukuncin alƙali ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa cewa ɗalibi "kwantar da hankalinki" a ƙofar ɗakin jarrabawa ba ya amfana komai in ba a taɓa nuna mata yadda ake kwantar da shi ba.

Ba zan ɓoye muku ɗaya gefen ba, don ku malamai ne, za ku gano. A Birtaniya an yi wani babban gwaji a makarantun sakandare sama da 80, yara fiye da 8,000, aka sa darasin natsuwa cikin aji ga kowa da kowa. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna bai fi darasin da aka saba ba, kuma yawancin yaran ba su ma yi aikin a gida ba. Darasin da na ɗauka a nan shi ne abin ba ya yiwuwa da dole, kuma ba ya yiwuwa a hannun malamin da shi kansa bai yi ba. Haka nan ba kowa yake yi wa daɗi ba. Muna da ɗalibai daga Borno da Yobe da Zamfara da Katsina da kudancin Kaduna waɗanda idanunsu suka ga abin da ba ya faɗuwa. Irin waɗannan in aka ce su rufe ido su yi shiru, wani lokaci abin da suka binne ne yake tasowa. Dole a bar mutum ya buɗe idonsa, ya tashi ya fita in ya so, kuma a san inda za a kai shi. Sannan wauta ce a zaunar da yaro minti 15 yana numfashi da safe, a kai shi ɗakin majinyata da hantsi a ci masa mutunci. Wannan ɗinki ne da hannun dama, farkewa da hagu.

Saura maganar addini, wadda na san ita ce ke ran mutane da yawa ko ba su furta ba. Gaskiya ne shirin Kabat-Zinn ya samo dabarunsa daga al'adar mabiya Buddha, ya cire musu ibada ya bar horon. Wanda ya ji ƙyanƙyami yana da hujjar tambaya, ba na raina shi. Amma zama shiru da tsare hankali ba baƙonmu ba ne. Wace uwa ce a cikinku ba ta zama kan darduma bayan asuba da carbi a hannu har rana ta fito? Malamanmu sun yi dogon bayani kan halarto da zuciya a salla, Imamu Gazali ya ware babi guda kan muraƙaba da muhasaba, wani kuma kan tafakkuri. Annabi Musa, alaihis salam, da aka aike shi wurin Fir'auna, cewa ya yi ƙirjinsa na ƙunci harshensa ba ya sakuwa, ya roƙi a buɗa masa ƙirji a warware ƙullin harshensa, kuma ita ce addu'ar da ɗalibanmu ke karantawa a ƙofar jarrabawa har yau. Ba a ce masa rago ba, an ba shi ɗan'uwansa ya ƙarfafa shi. A 2001 ma wasu likitoci a Italiya sun auna masu jan addu'ar carbi ta Katolika, suka ga numfashinsu na sauka zuwa kusan shida a minti, daidai inda bugun zuciya ke samun daidaito. Abin da muke nema a aji ba ibada ba ce, ba kuma za ta maye gurbin ibadar kowa ba. Motsa jiki ne na hankali, kowa ya zuba abin da imaninsa ya yarda da shi a ciki.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

A maido da minti 15 ɗin nan inda aka soke, a buɗe shi inda babu, aƙalla sau uku a mako, a fara da 'yan PTS da masu shirin jarrabawar ƙarshe. Kada a ɗauki sunan wanda ya zo, kada a ba shi maki, kada a hukunta wanda bai zo ba. Ɗaliban da suka rubuta takardar roƙo kuma a ba su amsa a rubuce, a tabbatar musu ba wanda zai riƙe su a zuci.

Kowace makaranta ta ware malamai biyu, mace da namiji, su fara yin horon su da kansu na mako takwas kafin su tsaya gaban ɗalibai. Malaman darasin lafiyar ƙwaƙwalwa su suka fi dacewa. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri suna da masana halayyar ɗan Adam, a nemi haɗin kansu wajen horarwa da kuma karɓar ɗalibin da abinsa ya fi ƙarfin zaman aji. A gayyaci limamin makaranta da faston ɗalibai su zauna a zama ɗaya su gani da idonsu, in suna da gyara a ji.

Kada ku yarda da maganata haka nan, ku auna. Akwai ma'aunin ganin ƙimar kai na Morris Rosenberg tun 1965, tambaya goma ne, ba ya cin minti biyar. Akwai na Michael Liebowitz na 1987 mai auna fargabar shiga mutane a yanayi 24. A juya su zuwa Hausa da kyau, a ba ɗalibai a farkon zango da ƙarshensa ba tare da suna ba. Kowace shekara 'yan ajin ƙarshe suna neman abin da za su yi bincike a kai, suna ta maimaita batun zazzaɓin cizon sauro da shayarwa, ga batu a ƙofar ɗakinsu. In sakamako ya nuna ba amfani, ku buga shi haka, ni ce ta farkon da za ta ce a daina.

A rubuta doka, a manna ta a ofishin kowace sista: ba a zagin ɗalibi, ba a yi masa gori a gaban majinyaci. In zai yi abin da zai cutar, a dakatar da hannunsa nan take, wannan ba a jira. Amma faɗa da gyara a ja shi gefe. Wanda ya karya, a sami wanda za a kai wa ƙara ba tare da mai ƙarar ya faɗi jarrabawa ba. Wannan ita ce buƙatar da ba ta cin ko kwabo, kuma na san ita ce za ta fi wuya, don ta shafe mu ne mu manya.

Numfashi kaɗai ba ya koya wa mutum magana, sai ya yi maganar. A riƙa gwada miƙa aiki a ɗakin koyo tun kafin a fita asibiti, mutum biyar-biyar, sannan goma, sannan gaban aji, sannan a kawo likita na gaske ya zauna ya saurara da fuskar rahama. A koya musu tsarin nan mai hawa huɗu da ake amfani da shi wajen kiran likita: ga halin da ake ciki, ga tarihin ciwon, ga abin da na gani, ga abin da nake so a yi. Mai fargaba in ta san layin da za ta bi, rabin tsoron ya tafi. A bar su su fara da Hausa in ta kama, Turancin zai biyo baya, ai majinyatan ma da Hausa za su yi musu magana.

A samar da mai ba da shawara wanda ba ya koyarwa kuma ba ya ba da maki, ko da sau biyu a mako zai riƙa zuwa, a ɗakin da ba a tsakiyar idon jama'a yake ba.

Daga ƙarshe, ku ne kuke zama da Majalisar Jinya da NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, yanzu da makarantu suka koma tsarin kwaleji ana sake duba manhaja. In dalilin sokewa shi ne abin ba ya cikin manhaja, to ku ne masu bakin da za ku ce a sa shi, ko da awa biyu ne a zango a ƙarƙashin darasin lafiyar ƙwaƙwalwa, ɗalibi ya fara sanin tasa kafin a tura shi ya kula da ta wani.

Mu taran da muka rubuto ba mu da kuɗi, amma muna da ranakun hutu. Uku daga cikinmu sun yi horon, sauran suna kan yi. Duk makarantar da ta ba mu aji ɗaya da kujeru ranar Asabar da safe, za mu zo da kuɗin motarmu mu zauna da malamanku tukuna, kafin a taɓa ɗalibi ko ɗaya. In na yi kaushin harshe a wani wuri, ku yafe wa 'yarku.

Wassalamu alaikum.

Taku mai biyayya,
wata ma'aikaciyar jinya, a madadin 'yan'uwanta takwas da ɗaliban da suka ba mu amana.